Takabar da Na Sa Falmata

Na ji ku ranar babbar sallar da ta wuce, ke Zainab da ke Rabi, kuna wanke kayan ciki a bayan madafa kuna gulmar Falmata. Wai matar da aka ba ɗaki a gidan nan lokacin da ba ta da ko tabarma, yau ita ce ake kai wa naman layya tana mayarwa. Wai butulu ce. Ban tanka muku ba domin gidan cike yake da surukai, kuma kun san ni, in na buɗe baki sai an ji ni a bakin gada. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ce a wannan littafin da nake rubuta muku sai na keɓe mata babi guda. Lokacin da abin ya faru duk kuna ɗakunan mazajenku, abin da kuka sani kaɗan ne, kuma wanda kuka sanin ma ni na tsara muku shi. Falmata ba butulu ba ce. Ni uwarku ce mai laifi, kuma yau zan faɗa muku da bakina.

Kun san sana'ar babanku, Allah ya jiƙansa, dillancin banda a kasuwar Wudil. A cikin masu kawo masa kifi daga gabas akwai wani Babarbare mai suna Bukar, mutumin wani ƙauye a bakin kogin da ya raba mu da Nijar. In ya zo da kwalayensa a zaurenmu yake sauka, ni nake aika masa da tuwo. Dogo ne, ba ya son magana, kullum sai ya bar mini kifi mai kyau a gefe ya ce na uwargida ne. Da rikici ya ci yankin nasu sai hanya ta rufe, muka daina ganinsa. Ana nan wata rana da hantsi sai ga mace a ƙofar gida, goye da jaririya, tana janye da yara biyu, ƙafafunsu duk sun faffashe. Falmata ke nan, matar Bukar. Ba ta san kowa a garin nan ba. Sunan babanku kawai ta riƙe, da kalmar Wudil, da su ta yi ta tambaya daga mota zuwa mota har Allah ya kawo ta.

Sai da ta kwana biyu sannan ta iya ba mu labari. Masu bindiga sun shigo musu ana sallar asuba, sojoji suka biyo baya, gari ya kama da wuta, ba wanda ya san harsashin wa ke kashe wa. Bukar ya zuba su a kwalekwale ya tsallakar da su, ya ce ta nufi Wudil gidan mai masaukinsa, shi zai koma ya ɗauko tsohuwarsa da ba ta iya tafiya. Tana tsaye a gaɓa ta ga ya juya kwalekwalen. Ganin ƙarshe ke nan. Babanku bai bari ta gama ba ya ce a share ɗakin da ke kusa da rijiya. Tun ranar take ce mini Yaya, ni kuma wallahi na ɗauke ta ƙanwa. Mace ce mai tsabta da kunya, ga gaskiya har ta yi yawa: in ta fasa ludayi sai ta zo ta faɗa, ko da ba wanda ya gani. Kowace Juma'a, ranar kasuwa, sai ta goya Fanna, jaririyar, ta tafi layin 'yan kifi ta tsaya inda motocin gabas ke sauke kaya. Direba bayan direba take bi tana tambaya ko an ga Bukar. Ta dawo da yamma fuska a bushe, ta ce, “Sai wata Juma'ar, Yaya.”

Shekarar ba ta zo mana da sauƙi ba. Banda ta daina zuwa, dillali kuwa in ba kaya ba shi da abin yi. Gonarmu ta Lajawa ruwa ya kwanta a kanta, dawa ta ruɓe a tsaye. Ni na riga na ajiye aikin koyarwa. Tuwon da muke yi sau biyu ya koma sau ɗaya, kokon safe ya koma ruwa-ruwa. Nonon Falmata ya ƙafe. Fanna ta fara zubewa a gabanmu, gashinta ya yi ja, wuyanta ya kasa ɗaukar kanta, kukanta ma ya koma kamar na ɗan kyanwa. Ni da na binne 'ya'ya biyu kafin in same ku, na san wannan kukan.

Ana cikin haka mai unguwa ya aiko cewa wata ƙungiyar agaji za ta zo ta rubuta 'yan gudun hijirar da ke zaune a gidajen mutane, domin ba mu kaɗai muka sauki baƙi ba. A makarantar firamaren da na koyar aka yi zaman. Da yake na san matan unguwa kuma ina rubutu, aka zaunar da ni kusa da ma'aikaciyar, wata yarinya mai fara'a da ba ta wuce sa'ar Rabi ba. Nan na fahimci tsarin nasu kashi biyu ne. Kowane gida za a ba shi abinci sau ɗaya, shi ke nan. Amma matan da mazajensu suka mutu suka bar su da marayu, su za a riƙa ba su hatsi da mai da wake da garin kunun yara duk wata, har shekara. Da layi ya zo kan Falmata, sai aka ce ta kai jaririyar ɗaya ajin a auna ta. Ta miƙe ta bar ni da ma'aikaciyar.

“Malama, mijinta fa?” in ji yarinyar, alƙalami a hannu.

Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Fanna kawai na hango, kanta na lilo a bayan uwarta.

Na ce, “Ya rasu.”

“Allahu akbar. Allah ya jiƙansa,” ta ce da ƙarfi, ta rubuta.

Ni a tunanina magana ce ta takarda, za ta kwanta a takarda. Na ce in mun koma gida zan ja Falmata gefe in ce ta yi shiru kawai ta karɓi abinci. Na manta a inda nake zaune. Matan unguwa ne cike da benci a bayana, cikinsu har da Gwaggo Asabe, wadda kun san in ta ji abu da safe kafin azahar ya isa ƙauyen Achika. Aka riƙe ni a makarantar har la'asar ina taya su rubutu. Ko da na doso gida sai na ga takalma jibge a ƙofar tsakar gida. Na shiga na tarar da mata sun cika ko'ina, an shimfiɗa tabarmi, ana ta “Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙuri?” Falmata na zaune a tsakiya an lulluɓe ta da mayafi, Yagana babbar 'yarta ta kifa kai a cinyarta tana shessheƙa. Lokacin babanku ya tafi Haɗeja neman kifi, sai kowa ya ɗauka shi ya ji labari a can ya bugo mini waya, ni kuma na rasa yadda zan faɗa.

Falmata ta ɗago ido ta dube ni. Ba ta yi kuka ba, wannan ya fi komai ƙona ni.

“Yaya, tun yaushe kika sani?”

Ga mata sun fi ashirin sun zuba mini ido. Ga matar mai unguwa a gefe. In na ce ƙarya na yi, kafin magariba an soke sunanta, ni kuma Malama guda na zama maƙaryaciya a gaban waɗanda na koyar da 'ya'yansu. Kada in ɓoye muku, ba Fanna kaɗai na tuna a wannan lokacin ba, har da mutuncina. Na durƙusa na riƙe hannunta.

Na ce, “Ki yi haƙuri, Falmata. Dukkanmu can za mu.”

Da wannan bakin nawa na faɗa. A ranar ta tsefe kanta, ta cire 'yan kunnenta, ta ajiye kwalli, ta shiga takaba.

Babanku ya dawo ranar kwana uku ya tarar ana dakan gumbar sadaka. Maza suka tare shi a zaure suna yi masa gaisuwa, shi kuma ya ɗauka labari ne ya zo bayan tafiyarsa, har ya yi hawaye. Sai da ya shigo ɗaki ya ce mini wa ya kawo labarin. Na rufe ƙofa na faɗa masa. Shekara talatin da wani abu muna tare ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

“Hadiza, kin san abin da kika yi? Kin kashe mutum da baki, kin sa matar aure takaba, kin sa malamai sun yi wa rayayye addu'ar matattu.”

“Wa ya ce maka rayayye ne? Wata nawa yau? Kai ma ka san ba ya raye!”

“Ban sani ba. Ke ma ba ki sani ba. Ki je ki faɗa mata yanzu.”

Nan fa halin nawa ya motsa. Na ce to ya je ya buɗe rumbu ya nuna mini abin da zai ba yarinyar. Na ce shi yana da bakin wa'azi domin ba shi ke kwana da kukanta a kunne ba. Na ce in Fanna ta mutu shi zai haƙa ramin, ni ba ruwana. Na faɗi maganganun da bai kamata mace ta faɗa wa mijinta ba, har da gorin kifin da ya je nema ya dawo hannu rabbana. Daga ƙarshe ya ce ya ba ni zuwa lokacin da yarinyar za ta tashi, daga nan in ban faɗa ba shi zai faɗa. Bai ci gumbar ba. Kasuwa ma ya rage zuwa, ya koma Lajawa yana fama da noman rani, domin ya ce ba zai iya zama ana yi masa ta'aziyyar ƙarya yana amsawa ba. Har ya bar duniya yana cewa shirun da ya yi mini shi ne babban kuskurensa.

Abinci kuwa ya zo, ba zan ce bai zo ba. Buhu ya shigo gidan nan, da galan na mai, da garin kunu. Cikin 'yan makonni Fanna ta fara zama da kanta, kumatu suka fito, ta fara kama zanena tana miƙewa. In na dube ta sai in ce wa raina, to ai ga shi nan. In na dubi uwarta kuma sai in kau da kai. Tana zaune a ɗaki da carbi, ta rame, kullum tana roƙa wa Bukar sauƙin kabari. Takan kira ni ta ce in tambayi babanku ko an samu yi masa sutura, ko an san inda aka sa shi. In ce zan tambaya. Kuma mai takaba ba ta fita yawo, saboda haka Juma'a ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ba mai zuwa layin 'yan kifi. Wa za ta je nema? Yarinya ta tashi, lokacin da babanku ya ɗiba mini ya cika, na ce ya ƙara mini zuwa bayan sadakar arba'in. Aka yi arba'in, na ce bari a karɓi rabon wata mai zuwa.

Wata Juma'a babanku ya leƙa kasuwa, sai ga shi ya dawo tun kafin a tafi masallaci, ko sallama bai yi ba. Ina tankaɗe a tsakar gida. Ya tsaya a kaina ya ce Alhaji Sabo, abokin dillancinsa, ya ba shi wani labari a cikin hira. Wai makonni uku da suka wuce wani direba ya zo daga gabas yana cigiya. Akwai wani mutum a sansanin 'yan gudun hijira a tsallaken iyaka, sunansa Bukar, ya roƙe shi in ya je Wudil ya tambaya masa wata Falmata mai 'ya'ya uku. Alhaji Sabo ya ce wa direban Falmatar da ke nan mijinta ya mutu tabbas, shi da kansa ya ci gumbar sadakar, sai dai ya gwada wani garin, ai Bukar da Falmata sun cika gabas. Direba ya juya ya tafi da wannan amsar. Alhaji Sabo bai ga abin faɗa a ciki ba, shi ya sa bai aiko ba.

Rariyar ta faɗi daga hannuna. Babanku bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Tashi.”

Na same ta tana ba Fanna kunu. Na durƙusa a bakin ƙofa kamar mai neman gafara wajen uwarta, na faɗa mata komai, tun daga ajin makaranta har zuwa direban. Ina magana ina kuka, ita kuwa ko motsi. Da na gama sai ta ajiye cokalin.

“Wa ya ga gawarsa?”

“Ba kowa.”

“Wa ya bugo waya?”

“Ba wanda ya bugo.”

“To ranar da na ce miki tun yaushe kika sani, me kika sani?”

Na ce saboda Fanna na yi. Na ce ta dubi yarinyar, da yanzu wani zancen ake. Ta dubi 'yar tata, sannan ta ce da ni,

“Da kin tambaye ni, Yaya. 'Yata ce. Mijina ne. Da kin bar ni na zaɓa.”

Ta kira Yagana ta ce ta miƙo mata tandun kwalli daga cikin kwalla. A gabana ta zizara shi a idanunta, hawaye na wanke shi tana sake sawa. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan ranar ba, kuma ba na fatan ko maƙiyina ya ji irinta.

Washegari da safe ta tafi ofishin ƙungiyar da ƙafarta ta ce a cire ta daga cikin matan mamata. Na bi ta a baya ba don ta gayyace ni ba. Ma'aikaciyar nan ta yi ta lallashinta, ta ce ba wanda zai bincika, ta bari shekarar ta ƙare. Falmata ta ce ba za ta ƙara ciyar da 'ya'yanta da mutuwar ubansu ba. Aka soke sunan. Yarinyar ta dube ni, ta ce, “Haba Malama,” ba ta ƙara komai ba. Kafin yamma unguwa ta ɗauka. Mutuncin da na tsaya karewa ya zube gaba ɗaya, na yi wata biyu ko gidan suna ban shiga ba. Ku kuma da kuka zo kuka ga ba ta nan, na ce muku ta samu wuri ne ta tashi.

Babanku ya sayar da tunkiyarsa ya raka Falmata gabas. Yaran ba ta bar mini su ba, gidan Gwaggo Asabe ta kai su, kuma ban ga laifinta ba. Kwanansu tara a hanya da bincike kafin su sami sansanin. Suka tarar mutumin ya tashi. Waɗanda suka zauna da shi suka ce tun da direba ya kawo masa amsa ya daina cin abinci sosai, bayan 'yan kwanaki ya naɗe tabarmarsa ya ce zai gwada wajen Chadi, wai an ce wasu mutanen ƙauyensu sun bi ta can. Suka ce dogo ne, ba ya son magana, masunci ne, ya zo shi kaɗai bayan ya binne tsohuwarsa a hanya. Ba hoto, ba lambar waya. Babanku ya ce shi a ransa bai yi shakka ba. Falmata kuwa ba ta ce shi ne ba, ba ta ce ba shi ba ne. Sun bar saƙo a wajen duk wanda zai karɓa. Har yau ba amsa.

Da suka dawo ta kama ɗaki a can wajen gada, ta fara suyar awara tana sayar wa ɗaliban jami'a. Da wannan ta riƙe 'ya'yanta, ta aurar da Yagana, ga Fanna nan kuna gani tana zuwa makaranta, doguwa kamar ubanta. Manema sun fito mata, malamai sun ce in ta kai magana gaban alƙali za a iya raba auren tun da shekaru sun ja, ta ce ita matar aure ce. In mun haɗu a hanya tana gaishe ni har ƙasa, ta tambayi jikina, ta tambaye ku ɗaya bayan ɗaya. Da babanku ya rasu kwana bakwai tana zuwa tana yi mana wanke-wanke. Amma abin da ya fito daga hannuna ba ta ci, ko ƙwayar gyaɗa. Ni ce nake aika mata naman duk shekara ina sane da za ta mayar, domin in na daina aikawa kamar na ce magana ta wuce ne, alhali ba ta wuce ba.

Kada ku tambaye ni ko da za a mayar da ni ajin nan zan sake faɗin abin da na faɗa. Na sha tambayar kaina. In na ga Fanna ta wuce da jakar makaranta sai in rasa amsa, in na ga uwarta ita kaɗai a bakin kasko sai in rasa amsa. Abin da na tabbata shi ne ba ni da hurumin yanke mata wannan hukuncin, kuma ranar da ta tambaye ni a gaban mata, tsoron kunya ne ya rufe mini baki, ba tausayi ba.

Bara da ciwon ƙafar nan ya kwantar da ni har na ɗauka tafiya ce ta zo, da na samu sauƙi na sa aka kai ni wurinta a keke mai ƙafa uku. Na tarar tana yanka awara. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, muka gaisa kamar yadda aka saba. Na ce Falmata, na tsufa, ban san ranar da za a kira ni ba, na zo ki yafe mini don girman Allah. Ta ci gaba da yankanta har ta gama faranti guda. Sannan ta goge wuƙar a gefen zaninta ta dube ni.

“Nawa na yafe miki tuntuni, Yaya, duniya da lahira. Amma akwai na Bukar. Wannan ba ni da ikon yafe shi. Sai ki jira shi.”

Na ce to. Shi nake jira.